Lardunan Birtaniya Bayan Fita Daga Tarayyar Turai

Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai ran 1 ga Janairu, 1973. Shigarta ke da wuya sai ta tarar yawancin kuɗin ƙungiyar manoma ake bai wa, alhali kuwa ita ƙasar masana'antu ce, manomanta kaɗan ne. Saboda haka ta matsa, ita da Italiya da Ayalan, har aka kafa asusun raya larduna a 1975, kuma mutumin Birtaniya ne, George Thomson, yake riƙe da wannan sashe a lokacin. Wato asusun da ta sha wahalar kafawa shi ne ta rabu da shi bayan shekara 45.

Ƙa'idar rabon da aka tsayar daga baya ita ce, duk lardin da arzikin mutum guda a cikinsa bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaicin Tarayyar ba, shi ne zai sami kaso mafi tsoka. Daga shekarar 2000 Cornwall, wadda mahaƙar kuzarta ta ƙarshe ta rufe a 1998, ta shiga wannan aji, haka ma yammacin Wales da kwaruruwanta na kwal. Da kuɗin nan aka gina harabar jami'a a Penryn, aka kai intanet ƙauyuka, aka gyara hanyoyi. Kafin fita, Wales kaɗai ta riƙa samun wajen fam miliyan 375 a shekara.

Duk da haka, a ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni, 2016, mutanen Cornwall kashi 56 cikin 100 da ɗoriya suka zaɓi fita. A Blaenau Gwent ta Wales, inda allunan Tarayyar ke kafe a bakin hanya, kashi 62 ne. Masu sharhi sun yi hanzarin kiran wannan butulci, amma hukuncin bai yi adalci ba. Masana'antar ƙarfe ta Ebbw Vale ta rufe a 2002, sabuwar hanya da sabuwar kwaleji kuwa ba su mayar wa magidanci albashinsa ba. Sa'an nan masu neman fita suna da hujja ta gaskiya, cewa abin da Birtaniya ke zubawa a asusun Tarayyar ya fi abin da take karɓa, don haka kuɗin lardunan tun asali nata ne.

Abin da ba a bayyana wa jama'a sosai ba shi ne bambancin hanyar rabo, wanda ma'aikacin gwamnati ya fi kowa saninsa. Tarayyar tana yanka kaso bisa ƙa'ida, na shekara 7 a jere, yadda lardi zai iya tsara aiki mai nisa. Kason baitulmalin Landan kuwa yana bin ra'ayin gwamnatin da ke ci. An fita ran 31 ga Janairu, 2020, amma sai Afrilun 2022 aka bayyana rabon asusun da ya maye gurbi, fam biliyan 2.6 na shekara 3. Cornwall, wadda ta sa ran miliyan 100 kowace shekara, ta sami miliyan 132 na shekarun ukun gaba ɗaya. Wales ta sami miliyan 585, gwamnatinta ta ce an tauye ta miliyan 772, aka kuma tsallake ta aka miƙa kuɗin ga ƙananan hukumomi. Landan ta kare kanta da cewa ragowar kuɗin Tarayyar bai gama shigowa ba tukuna.

Tsadar rayuwa ta fi wuyar aunawa, domin annobar korona da yaƙin Yukiren sun cakuɗe da ita. Sakamakon ƙuri'a na fitowa, darajar fam ta faɗi ƙasa da duk inda ta taɓa kaiwa tun 1985, kayan waje suka yi tsada. Hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, ta abinci ta haura 19 a Maris na 2023. Masana a Makarantar Tattalin Arziki ta Landan sun lissafa cewa daga Disamban 2019 zuwa Maris na 2023 farashin abinci ya tashi da kusan kashi 25, wanda da ba don takardun kwastan da binciken kan iyaka ba da ya tsaya a 17. Ratar ta kai wajen fam 250 ga kowane gida, nauyinta kuma ya fi sauka a kan masu ƙaramin albashi, irin waɗanda suka yi yawa a Cornwall da kwaruruwan Wales, domin cefane ne ke cin babban kaso na abin da suke samu.