Escoffier: kukun otel da ya bar lakkol yana ɗan shekara 13

A makarantar horon malamai an cusa mana sunayen manyan Faransa har muka haddace su: Pasteur, Victor Hugo, da Jules Ferry wanda dokokinsa na 1881 da 1882 suka sa karatun firamare ya zama kyauta kuma dole. Ba malamin da ya taɓa ambata mana sunan wani kuku. Amma duk wanda ya leƙa madafar babban otel a Yamai, ya ji ana kiran wannan shef, wancan su-shef, yaran kuma komi, kowa tsaye a gefensa da farar riga, to ya ga aikin mutum guda da ya rasu tun 1935. Sunansa Auguste Escoffier. Ina son iyaye da ƴan'uwana malamai mu dubi tarihinsa, domin a wurinmu har yanzu kalmar kuku tana tafe da warin zamanin mulkin mallaka, lokacin da kuku da boyi suke bayan gidan Bature. Uban da ɗansa ya faɗi BEPC ya ce zai koyi dafuwa, sau da yawa ji yake kamar an yi masa rasuwa.

An haifi Escoffier ranar 28 ga Oktoba 1846 a Villeneuve-Loubet, wani ƙauye kusa da birnin Nice a kudancin Faransa. Ubansa maƙeri ne. Yaron yana da hannun zane, kuma burinsa ya zama mai sassaƙa, amma ba a tambaye shi ba. Yana da shekara 13 aka cire shi daga lakkol aka kai shi gidan abincin wani ɗan'uwan ubansa a Nice ya koyi aiki. A 1859 ke nan, lokacin Nice ma ba ta shiga hannun Faransa ba, sai shekara guda bayan haka.

Ya kamata a san irin madafar da aka jefa shi ciki. A wancan zamani madafar otel galibi a ƙarƙashin ƙasa take, ba iska, ana hura murhun ƙarfe da gawayin kwal tun safe har dare, kuma ana rufe tagogi don kada abinci ya huce. Zafi ya sa kukun suna shan giya kamar ruwa, giya kuma ta kawo ashar da duka. Ɗan koyo shi ne jakin kowa. Escoffier gajere ne, har sai da ya riƙa sa takalmi mai tudu don kansa ya yi nisa da bakin murhu. Kasancewarsa ɗan gida bai sa an raga masa ba. Duk abin da ya gyara daga baya, a jikinsa ya fara sanin ciwonsa.

A 1865 ya tafi Paris, ya shiga wani gidan abinci mai suna Le Petit Moulin Rouge. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prusiya a 1870, aka ɗauke shi kukun hafsoshi. Yana cikin garin Metz lokacin da Jamusawa suka yi masa ƙawanya, abinci ya ƙare har aka koma cin naman dawakin soja. Da garin ya faɗi aka tafi da shi Jamus cikin fursunonin yaƙi. Abu biyu ya ɗauko daga soja. Na farko, damuwa da yadda za a adana abinci cikin gwangwani kada ya lalace, abin da bai bari ba har tsufansa. Na biyu, ya ga yadda mutum ɗari ke yin aiki guda ba hayaniya idan kowa ya san matsayinsa da wanda yake karɓar umarni daga gare shi.

Ƙofar arziki ta buɗe masa a 1884, da ya haɗu da César Ritz, wani ɗan manoma daga Suwizalan da ya fara da hidimar tebur ya zama gwanin tafiyar da otel. Lokacin sanyi suna Grand Hôtel na Monte-Carlo, lokacin zafi suna otel ɗin National a Lucerne, suna bin masu kuɗin Turai duk inda yanayi ya kora su. A 1890 Richard D'Oyly Carte ya kira su Landan su riƙe sabon otel ɗinsa, Savoy.

A nan ne ya yi aikin da ya sa nake wannan rubutu. Kafin shi, kowane sashe na madafa yana dafa abincinsa daga farko har ƙarshe, ana maimaita aiki guda a wuri uku, baƙo yana zaune yana jira. Escoffier ya raba aikin kamar rundunar soja, shi ya sa ma ake kiran tsarin brigade. Akwai mai miya, wanda shi ne babba a cikin shugabannin sassa. Akwai mai gashi, mai kifi, mai ganye da ƙwai, mai kula da ma'aji da abincin sanyi, da mai kayan fulawa da zaƙi. Idan aka nemi faranti guda, kowa ya yi nasa ɓangaren a lokaci ɗaya, a haɗa a fitar cikin ƴan mintoci. Ƙarƙashin kowane shugaban sashe akwai komi, ƙarƙashin komi akwai ɗan koyo. Mu malamai mun san darajar wannan: tsani ne. Yaro ya san matakin da yake kai, ya san abin da zai iya kafin a ɗaga shi, ya san wanda ke da alhakin koya masa. Ku kwatanta da yaron da muke kai wa bakanike ko tela a Maraɗi ko Damagaram, ya shekara biyar ana aikensa sayen shayi, ba wanda ya taɓa gaya masa ranar da zai gama.

Sai ya juya kan halin ma'aikatan. Ya hana giya a bakin aiki, ya sa ana dafa ruwan sha'ir cikin babbar tukunya don kowa ya kashe ƙishirwa. Ya hana ashar da duka. Mutumin da ke shelar abin da baƙi suka nema, wanda a da ake kira da sunan da ke nufin mai haushi irin na kare, ya sauya masa suna zuwa mai sanarwa. Ya ce kuku ba zai fita titi da rigar aiki mai maiƙo ba, sai ya sa tufafi masu tsabta kamar kowane mai mutunci. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce idan ransa ya ɓaci, kunnensa yake ja ya fice daga madafar har ya huce. Ni da na shekara fiye da ashirin gaban aji mai ɗalibi tamanin, na san wannan ya fi dafa kowace miya wuya.

Abincin kansa ma ya sauƙaƙa shi. Ya rage tulin ado da kukun da suka gabace shi ke ɗorawa a faranti, ya rage nauyin miya, ya bi tsarin kawo abinci ɗaya bayan ɗaya da zafinsa maimakon a jibge komai a tebur. Ya iya tallan kansa kuma: yana raɗa wa abinci sunan manyan mata. Wanda ya fi shahara shi ne pêche Melba, ɗan itace da kirim mai ƙanƙara, don mawaƙiyar nan ta Ostireliya, Nellie Melba. A 1903 ya fitar da Le Guide culinaire, littafi mai kusan hanyoyin dafuwa 5,000, wanda har yau makarantun koyon aikin otel ke amfani da shi. Yaron da ya bar aji yana da shekara 13 ne ya rubuta shi, tare da taimakon wasu abokan sana'arsa. Wani abin dariya, ya shekara talatin a Landan bai koyi Ingilishin kirki ba.

To, akwai inda tarihin ya yi baƙi, kuma ban ga dalilin ɓoye wa ɗiyanmu shi ba. A watan Maris 1898 hukumar Savoy ta kori Ritz da Escoffier da wani abokin aikinsu. Bincike ya nuna giyar fiye da fam 3,400 ta salwanta, kuma Escoffier yana karɓar kamasho daga ƴan kasuwar da ke kawo wa otel kaya, kusan kashi 5 cikin ɗari, su kuma suna tauye awo don su fanshe. A 1900 ya sa hannu a takarda ya amsa laifi. An nemi ya biya fam 8,000, aka ƙare da karɓar 500 domin ya ce iyakar abin da yake da shi ke nan. Otel ɗin ya rufe maganar saboda sunan manyan baƙinsa, har sai wajen 1985 ƴan jarida suka tono takardun. Masu kare shi suna cewa al'adar kukun zamanin ce. Wannan gaskiya ne, amma mutumin da ya kawar da giya da duka daga madafa bai rasa ƙarfin kawar da wannan ba, bai dai so ba ne. Wanda ya taɓa zama a kwamitin iyayen yara ana lissafin buhunan kantin makaranta ya san yadda irin wannan kamasho ke shiga da sunan alheri.

Korar ba ta karya shi ba. A shekarar nan ya buɗe madafar otel ɗin Ritz a Paris, a 1899 kuma ya koma Landan ya kama Carlton, inda ya zauna har 1920. Wannan mutum dai da ya ci kamasho shi ne wanda kowace safiya yake tara ragowar burodi, ganyen shayi da nama mai kyau ya ba wasu mata masu hidimar coci su kai gidan tsofaffi marasa galihu. A 1910 ya buga wata ƙaramar ƙasida yana ba da shawarar asusun taimakon juna don kawar da talauci, har da fansho ga tsofaffin ma'aikata, domin ya ga yadda kukun da ƙarfinsu ya ƙare suke mutuwa a wulaƙance. Da yaƙin 1914 ya kwashe matasan madafarsa, ya riƙa tara kuɗi don iyalansu. Ɗansa Daniel yana cikin waɗanda aka kashe a farkon yaƙin, ƴaƴan da ya bari suka dawo wuyan kakansu. A 1919 Faransa ta ba shi lambar Légion d'honneur, a 1928 aka ƙara masa girma a cikinta.

Ya ajiye aiki yana da shekara 73, ya koma Monte-Carlo wurin matarsa Delphine, wadda ta zauna can da yara duk shekarun da yake Landan. Bai koma da dukiya ba. Abin da ya samu ya tafi wajen dangi da taimako, fanshon kuma bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya yi da shekaru goma sha biyar na ƙarshe shi ya fi burge ni. Mutumin da ya ciyar da sarakunan Turai sai ya zauna yana rubutu kan abincin talaka. A 1927 ya fitar da ɗan littafi kan shinkafa, yana nuna wa Faransawa cewa abinci ne mai gina jiki kuma mai araha. A 1929 ya yi wani kan busasshen kifi mai gishiri da suke kira morue, wanda a lokacin abincin marasa hali ne, ya kawo hanyoyi da dama na sarrafa shi. A 1934, yana da shekara 87, ya fitar da Ma cuisine don matan gida. Yana kuma rubuta tarihin rayuwarsa, wanda bai fito ba sai shekara hamsin bayan rasuwarsa. Tsakanin haka yana amsa gayyata zuwa bukukuwan baje kolin dafuwa, yana ziyartar yaransa na da, waɗanda suka zama shugabannin madafa a manyan otel na duniya. A 1930 ma ya tsallaka teku zuwa New York don buɗe otel ɗin Pierre.

Sai kuma furannin kaki. Sha'awar sassaƙa da aka raba shi da ita yana yaro ba ta mutu ba, ta sami wata hanya. Ya koyi narka kakin zuma, ya rina shi, ya fitar da ganye siriri kamar takarda, ya haɗa fure da hannu har mutum ya kai hanci ya shinshina. Ya ƙware har littafinsa na farko, a 1886, kan wannan sana'a ne, shekara 17 kafin babban littafin dafuwar. Lokacin sanyi da ba fure a kasuwa, da su yake ƙawata tebur. Idan muna cika takardar makin ɗalibi, darasin zane da aikin hannu shi ne wanda muke tsallakewa don mu ƙara awa a lissafi, iyaye kuma ba su taɓa zuwa su tambayi dalili ba.

Delphine ta rasu a farkon Fabrairu 1935, shi kuma ya bi ta ranar 12 ga watan, yana da shekara 88. An mai da gawarsa Villeneuve-Loubet aka binne. A 1966 wani tsohon yaronsa, Joseph Donon, wanda ya yi arziki yana dafa wa attajiran Amurka, ya mai da gidan maƙerin da aka haife shi ciki gidan tarihin dafuwa, kuma har yau a buɗe yake.