Keshi: Wanda Ya Buɗe Ƙofar Fita, Ya Dawo Neman 'Yan Gida

Mu da muka daɗe muna bin ƙwallon Najeriya mun san cewa horo ne ya fitar da Stephen Keshi waje. A 1985 hukumar ƙwallo ta dakatar da shi saboda jinkirin zuwa sansani, shi kuwa ya tattara takalmansa sai Abidjan. Daga can ya wuce Beljiyam, Lokeren sannan Anderlecht. Kafin ka ce kwabo hanya ta buɗe, samari suka bi sawu, ciki har da Daniel Amokachi na Ranchers Bees ta Kaduna, wanda ya tafi Club Brugge a 1990. Rabin ƙarfin tawagar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, Keshi na kyaftin, ta wannan ƙofa ya shigo.

Koyarwa ce ta nuna masa halin masu kujera. Yana mataimakin Shu'aibu Amodu suka samo wa Najeriya tikitin kofin duniya na 2002, aka sallame su kafin tafiya. Ya kai Togo kofin duniya na 2006, karo na farko a tarihinta, nan ma aka miƙa wa Bajamushe Otto Pfister. Wani ya yi noma, wani ya ci tuwo.

Da ya karɓi Super Eagles a 2011 sai ya yi abin da ya ba mu mamaki: ya koma filayenmu masu ƙura yana tsintar 'yan wasan gida, yana tara su a sansani makonni. Mun yi ta tsegumi a teburin 'yan jarida, musamman da ya ajiye Osaze Odemwingie. Sai ga Sunday Mba, yaron da a lokacin bai taɓa bugawa a Turai ba, ya zura wa Kwaddibuwa ta su Drogba ƙwallon da ta kore su daga kofin Afirka na 2013, ya kuma zura wadda ta ci Burkina Faso 1-0 a wasan ƙarshe a Johannesburg. Kafin Keshi, Mahmud El-Gohary na Masar ne kaɗai ya ɗaga kofin yana ɗan wasa, ya sake ɗagawa yana koci.

Washegari ya ce ya ajiye aiki, don tun ana tsakiyar gasa ya ji ƙishin-ƙishin ana neman madadinsa; sai da aka lallashe shi. Taurin kai kam yana da shi, amma bai kai a kore shi a 2015 ba. Ya rasu ranar 7 ga Yuni 2016 yana da shekara 54, Amodu ya bi shi bayan kwana uku.