Fezzan: Ƙasar Da Kada Ya Taɓa Yin Iyo A Cikinta

Wanda ya tsaya yau a unguwar Mahdiya ta birnin Sabha, ya dubi rairayin da ya kewaye garin, da wuya ya yarda cewa ƙasar nan ta taɓa zama ta tabkuna da makiyaya. Amma duwatsun Fezzan sun adana shaida.

A shekarar 1850, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Murzuk ya nufi Gat, a tafiyar da ta kai shi Kano a 1851. A tsaunukan Messak ya tarar da zanen shanu an sassaƙa a jikin dutse, a wurin da saniya ba za ta iya rayuwa ba. Daga baya masu bincike suka gano zanen giwa da raƙumin dawa da kada a kwarin Mathendous. A Takarkori kuma, cikin duwatsun Akakus, an samu alamar madara a jikin fasassun tukwane masu kimanin shekara 7,000.

Mene ne ya faru? Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka shige, yadda duniya ke kewaya rana ya sa zafin bazara ya ƙaru a arewacin Afirka, iskar damina ta riƙa kutsawa can cikin Sahara. Da wannan tsari ya juya sannu a hankali, sai damina ta ja da baya zuwa kudu, tabkuna suka ƙafe.

Mutane ba su miƙa wuya ba. Garamantawa, waɗanda masanin tarihin Girka Herodotus ya ambata, sun kafa babban birninsu a Jarma, yamma da Sabha. Suka haƙa jerin rijiyoyi, suka haɗa su da magudanai ta ƙarƙashin ƙasa, suka noma alkama da dabino. Sai dai ruwan da suke ja ajiyar tsohuwar damina ce, babu mai mayar da gurbinsa. Masana da yawa na ganin ja da bayansa na cikin abin da ya durƙusar da daular. Daga irin wannan ajiya ce aikin Babban Kogi, da aka fara a 1984, yake kai ruwa Tarabulus.

Ga inda sauyin yau ya bambanta. Na dā ya ɗauki ƙarnuka, kuma ba hannun ɗan Adam a ciki. Na yanzu kuwa ƙona fetur da gas da kwal ne ya haddasa shi: iskar kabon ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420. Iska mai zafi tana busar da ƙasa, tana kuma ɗaukar danshi mai yawa ta sauke shi lokaci guda. Gat ta sha ambaliya a 2019, Darna a 2023, Sabha kanta a Satumban 2024.

Mu da ke kudu da hamada, waɗanda iyayenmu suka ga farin 1973 da na 1984, wannan tarihi ya shafe mu. Kowace rijiyar burtsatse da ake ƙara wa zurfi a Kano ko Maraɗi tambaya ce: ruwan da muke sha, damina na mayar da shi, ko ajiya muke ci? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.