Makomar matsakaitan motocin jif a kasuwar duniya

Matsakaitan motocin jif da aka ƙera domin shiga daji da munanan hanyoyi, irin su Prado da Fortuner da 4Runner, na fuskantar matsin lamba ta fuskoki uku: dokokin rage hayaƙi, da yaɗuwar motoci masu amfani da lantarki, da kuma shigowar kamfanonin ƙasar Sin cikin kasuwar.

Alamu dai ba su nuna cewa motocin za su ɓace nan kusa ba. Abin da ke sauyawa shi ne injin da ke cikinsu, da farashinsu, da kuma irin mutumin da kamfanoni ke tunawa da shi a lokacin da suke tsara su.

Wannan batu ya shafi ƙasashen Afirka kai tsaye, domin kuwa akasarin irin waɗannan motoci kan iso nahiyar ne bayan sun yi shekaru suna aiki a wasu ƙasashe.

Wace mota ake nufi?

Kalmar jif ta samo asali ne daga motar Jeep da sojojin Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. A yau kusan duk wata mota mai tsawo daga ƙasa jif ake ce mata, amma a wajen masu ƙera motoci iri biyu ne.

Iri na farko shi ne wanda ake ɗora jikinsa a kan ƙaƙƙarfan shasi na ƙarfe mai siffar tsani, kamar yadda ake yi wa motocin ɗaukar kaya. Injinsa na iya juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, kuma yana da giya ta musamman da ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, domin hawan dutse ko fita daga yashi da taɓo.

Iri na biyu kuwa, wanda ya haɗa da RAV4 da CR-V da Highlander, jikinsa da shasinsa a haɗe suke kamar na ƙaramar mota. Ya fi rashin nauyi da sauƙin shan mai, amma ba ya jure wahalar da na farko ke jurewa.

Matsakaitan da ake magana a kansu na cikin iri na farko ne. Sun fi Suzuki Jimny girma, amma ba su kai Land Cruiser 300 ko Nissan Patrol ba. Nauyinsu kan kama daga tan biyu zuwa biyu da rabi, kuma sukan ɗauki mutum biyar zuwa bakwai.

Da yawa daga cikinsu 'yan uwan motocin a-kori-kura ne. Fortuner ta Toyota shasinta ɗaya da Hilux, Ford Everest ta fito ne daga Ranger, Isuzu MU-X kuma daga D-Max.

Koma-baya da farfaɗowa

Bayan da kamfanin Toyota ya fitar da RAV4 a shekara ta 1994, masu saye da dama sun gano cewa abin da suke so shi ne kujera mai tsawo da faɗin ciki, ba ƙarfin shiga daji ba.

Kamfanoni sun bi su. Ford ya raba Explorer da shasi mai siffar tsani a shekara ta 2010, Nissan ya yi wa Pathfinder haka a 2012, sannan ya daina sayar da Xterra a Amurka a 2015.

A watan Janairun 2016 aka ƙera tsohuwar Land Rover Defender ta ƙarshe a Ingila. A shekara ta 2021 kuma Mitsubishi ya rufe masana'antar da ke ƙera Pajero a Japan, motar da ta lashe gasar tseren Dakar har sau 12.

To sai dai a daidai lokacin da ake ganin zamaninsu ya wuce, sai kasuwar ta sake farfaɗowa, musamman a Amurka, inda fita yawon daji a ƙarshen mako ya zama abin yayi.

Kamfanin Jeep ya sayar da Wrangler fiye da dubu 200 a Amurka a shekara ta 2021. A shekarar ne kuma Ford ya dawo da Bronco, wadda ya daina ƙerawa tun 1996.

A Birtaniya, attajirin nan Jim Ratcliffe ya kafa kamfanin ƙera Ineos Grenadier domin cike gurbin tsohuwar Defender, aka fara fitar da ita a 2022. Toyota ma ya gabatar da sabuwar Prado, wato Land Cruiser 250, a watan Agustan 2023, da sabuwar 4Runner a watan Afrilun 2024, bayan da tsofaffin suka shafe kimanin shekaru 15 ba a sake fasalinsu gaba ɗaya ba.

Dokokin hayaƙi

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce kashi 48 cikin ɗari na motocin da aka sayar a duniya a shekara ta 2023 jif ne, idan aka haɗa nau'o'in biyu. Ta kuma ce da a ce waɗannan motoci ƙasa ce guda, da ita ce ta biyar a duniya wajen fitar da iskar da ke ɗumama yanayi.

A Tarayyar Turai ba a auna kowace mota ita kaɗai. Ana duba matsakaicin hayaƙin dukkan motocin da kamfani ya sayar ne, sannan a ci shi tarar Yuro 95 a kan kowane giram da ya haura ƙa'ida, a ninka da yawan motocin.

Ma'anar haka ita ce, duk jif mai nauyi da kamfani ya sayar, dole ya sayar da wasu motocin marasa hayaƙi domin daidaita lissafi. Wannan ne ya sa Suzuki ya janye Jimny ta fasinja daga kasuwar Turai a 2020, duk kuwa da ƙanƙantarta.

A shekara ta 2023 Tarayyar ta kafa dokar da za ta kawo ƙarshen sayar da sabbin motoci masu hayaƙi daga 2035. A birnin Paris kuma mazauna sun kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairun 2024, suka amince a ninka wa baƙi masu motoci masu nauyi kuɗin ajiye mota sau uku.

Ostireliya, wadda ke cikin manyan kasuwannin Prado da Everest, ta fara aiki da tata dokar rage hayaƙin sabbin motoci a 2025.

Amma ba ko'ina iskar ke kaɗawa wuri guda ba. A Amurka an kawo ƙarshen rangwamen haraji na dala 7,500 ga masu sayen motar lantarki a ƙarshen watan Satumbar 2025. A watan Disambar wannan shekara kuma Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar sassauta dokar 2035.

Wannan rashin tabbas babbar matsala ce ga kamfanoni, domin kuwa jif irin wannan kan yi shekaru goma ko fiye a kasuwa kafin a sake ta.

Matsalar batir

Ta wani ɓangaren, lantarki ya dace da tuƙin daji. Injin lantarki na bayar da cikakken ƙarfinsa tun daga lokacin da taya ta fara juyawa, kuma ana iya ba kowace taya nata injin, kamar yadda Mercedes ya yi wa G-Class mai lantarki da ya fitar a 2024.

Matsalar ita ce nauyi. Kilo guda na fetur na ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo guda na batir sau da yawa, ko da an cire wanda injin ke ɓarnatarwa a matsayin zafi.

Saboda haka G-Class mai lantarki ta kai kimanin tan uku, yayin da Hummer mai lantarki ta kamfanin GMC ta haura tan huɗu. Mota mai nauyi haka ta fi saurin nutsewa a yashi, ta fi cin taya, kuma ta fi wuyar jawowa idan ta kafe.

Tafiya cikin rairayi ko jan tirela na cinye batir da sauri. Direban motar dizal zai iya ɗaure jarkoki a baya ya ƙara wa kansa ɗaruruwan kilomitoci, amma direban motar lantarki ba shi da irin wannan dabara a inda babu wurin caji.

A watan Yulin 2024 kamfanin Ineos ya ɗage shirinsa na fitar da jif mai lantarki, yana mai kafa hujja da ƙarancin masu saye da kuma rashin tabbas a kan dokoki.

Haɗa mai da lantarki

Hanyar da akasarin kamfanoni suka zaɓa ita ce rage girman inji tare da ƙara masa na'urar turbo da kuma batir.

Tsohuwar 4Runner na da inji mai silinda shida da girman lita 4. Sabuwar kuwa silinda huɗu gare ta, lita 2.4, kuma akwai nau'in da ke haɗa fetur da lantarki. Irin wannan inji ne ke cikin Land Cruiser 250 da aka fara sayarwa a Amurka a 2024 a kan kimanin dala dubu 56.

A kasuwannin da suka fi son dizal, kamar Ostireliya da Afirka ta Kudu, Toyota ya ƙara wa injinsa mai lita 2.8 wani ƙaramin batir da ke taimaka masa wajen tashi da tsayawa.

Akwai kuma tsarin da injin lantarki ne ke juya tayoyi, yayin da ƙaramin injin fetur ke aiki a matsayin janareto yana cajin batir. Kamfanin Scout, mallakar Volkswagen, ya sanar da irin wannan zaɓi a lokacin da ya gabatar da motarsa Traveler a watan Oktobar 2024.

Kamfanonin ƙasar Sin

Shekaru da dama wannan kasuwa ta kasance a hannun Japan da Amurka da Birtaniya. Yanzu ƙasar Sin, wadda ta zama ta farko a duniya wajen fitar da motoci zuwa ƙasashen waje a 2023, ta shigo da ƙarfinta.

Kamfanin Great Wall ya fitar da Tank 300 a shekara ta 2020. Shi kuma BYD ya fitar da Bao 5 a 2023, mota mai shasi irin na tsani wadda ake iya cajinta kuma ake iya zuba mata fetur.

Waɗannan motoci sun fi na Japan araha a kasuwanni da dama. Abin da har yanzu ba su samu ba shi ne shaidar dogon lokaci, irin wadda Land Cruiser ta tara tun daga 1951, har yawan waɗanda aka sayar ya haura miliyan goma a 2019.

Mai sayen jif yakan duba abu biyu da ba a gani a ɗakin baje koli: samun kayan gyara a ƙananan garuruwa, da kuma farashin da motar za ta yi idan ya tashi sayar da ita.

Abin da zai iso Afirka

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma.

Da yake Najeriya da Nijar na amfani da motoci masu sitiyari a hagu, yawancin na hannu da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome daga Amurka da Kanada da Turai suke fitowa.

Ke nan abin da mai saye a can ya zaɓa yau, shi ne zai cika wuraren dillalan motoci a Kano da Yamai nan da shekaru goma, ko da kuwa ba a yi tunanin hanyoyin karkara na damina ba a lokacin ƙera shi.

Ta fuskar shan mai wannan na iya zama alheri, musamman a Najeriya inda farashin fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan janye tallafi a watan Mayun 2023. Motar Prius da Toyota ya fara sayarwa a 1997 ta kuma nuna cewa tsarin haɗa mai da lantarki na iya yin ƙarko.

Sai dai garantin da Toyota ke bayarwa a Amurka a kan batirin irin waɗannan motoci shekaru goma ne, ko kimanin kilomita dubu 240. Wato yakan ƙare ne a kusan lokacin da motar ke shirin ƙetare teku.

Tsohon inji mai silinda shida kusan kowane bakanike ya san kansa. Sabon kuwa yana buƙatar kwamfutar gano matsala, da horo a kan aiki da wutar lantarki mai ƙarfin da ke iya kisa.

Sabbin injinan dizal ma suna da matatar hayaƙi da ke toshewa idan man na da sinadarin sulfa da yawa. A Turai ƙa'idar ita ce kashi 10 cikin miliyan, yayin da ƙungiyar ECOWAS ta amince da kashi 50 cikin miliyan a shekara ta 2020.

Wasu ƙasashen nahiyar sun fara zaɓar wa kansu hanya. A 2024 Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu amfani da fetur ko dizal, tana mai dogaro da wutar da take samu daga madatsun ruwanta.

A ɗaya ɓangaren kuma, buƙatar mota mai sauƙin gyara ba ta gushe ba. Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, ita ce hukumomin agaji da kamfanonin haƙar ma'adinai suka daɗe suna dogaro da ita, kuma a shekara ta 2023 Toyota ya sabunta ta, ya kuma mayar da ita kasuwar Japan.