Saniya Ta Maigida, Nono Na Uwargida: Asalin Wannan Rabo

A rugar Fulani akwai tsohon rabo da ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma kowa ya san iyakarsa. Kiwo, shayarwa, neman makiyaya da sayar da sa a kara aikin maza ne. Da zarar nono ya shiga ƙwarya kuwa, ya fita daga hannun maigida. Mace ce ke yanke nawa za a sha a gida, nawa zai kwana ya zama kindirmo, nawa za a kaɗa a cire mai a bar tsala, kuma kuɗin da ya fito nata ne.

Wannan tsari ya samo tushe ne daga aure. Idan amarya ta tare, ana ware mata shanun tatsa da za ta ciyar da ɗakinta, mai mata biyu ko uku kuma dole ya raba nonon a tsakaninsu ba tare da fifiko ba. Wajen tatsar ma al'adu sun bambanta. A wurin Wodaaɓe na Borno, waɗanda Derrick Stenning ya rubuta littafi a kansu a 1959, mata ne ke tatsa. Ann Waters-Bayer, wadda ta zauna da Fulanin kudancin Kaduna a shekarun 1980, ta tarar da maza da samari ne ke tatsa, sannan su miƙa wa mata. Ko wane ne ya durƙusa gindin saniya, hukuncin ƙwarya bai sauya ba.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wato kulle. Makiyayi yana buƙatar hatsi, manomi yana buƙatar nono, amma babbar mai sayen nono matar aure ce da ke cikin gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa. Namiji ba zai wuce zaure ba. Bafulatana kuwa za ta yi sallama ta shige har tsakar gida, ta auna da ludayi, a biya ta da gero ko dawa, daga baya da kuɗi. Haka mata suka riƙe kasuwar tun daga ruga har zuwa cikin birni, kuma su ne suka haɗa fura da nono suka zama sana'a guda. Da rani, in shanu sun ƙafe, sukan ƙara ruwa da garin ƙwallon kuka don kada ciniki ya yanke; masu saye sun sani, ba su daina saye ba.

Turawan mulkin mallaka sun fi damuwa da jangali da cututtukan shanu. Bayan da sashen kula da lafiyar dabbobi ya zauna a Vom a 1924, sai aka fara sayen madara ana cire mai da inji, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har cuku aka riƙa yi a can. Daga nan aka ɗauko wata ɗabi'a da ta daɗe: jami'i in ya zo ruga, wurin arɗo da magidanta yake zama. Dokar gandun kiwo ta 1965 da shirye-shiryen da suka biyo baya duk da masu garke suka yi magana. Ita kuwa mai ƙwarya, sai ga madarar gwangwani da ta gari sun zo suna gogayya da ita a kasuwa, har wasu matan suka koma sayen garin suna kwaɓa nono da shi.

Babban sauyin ya zo ne da cibiyoyin tattara madara. FrieslandCampina WAMCO, masu madarar Peak, sun buɗe irinsu a jihar Oyo, kamfanin L&Z na saye a Kano, kuma matakin da Babban Bankin Najeriya ya ɗauka a 2019 na takura wa masu shigo da madara ya ƙara tura kamfanoni ruga. Amfanin a bayyane yake: mace ta huta da tafiyar ƙasa mai nisa da kaya a ka, madara ba ta lalacewa. Sai dai kamfani ɗanyar madara yake so, da sassafe, cikin bokitin ƙarfe. Maigida ne ke kaiwa a kan babur, kuma sau da yawa shi ke da katin shaida, waya da asusun banki. Ta wannan hanya kuɗin cefane, sabulu da kayan ɗakin 'ya'ya mata yakan zarce aljihun maigida, ribar man shanu da fura kuma ta tafi gaba ɗaya.

Yanzu da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, ya kamata duk cibiyar da za a buɗe ta yi rajista da sunan matar da nonon yake hakkinta, a kuma biya kuɗin a asusunta.