Bayani: Igiyar gilashi da kabon da ake ƙerawa domin rijiyoyin mai

Rijiyar man fetur rami ne mai tsawon kilomitoci, amma faɗinta a can ƙasa bai wuce na faranti ba. Babu ɗan Adam da zai shiga ya gano abin da ke ciki. Duk abin da kamfani ko gwamnati suka sani game da dutsen da ke ƙasa, da yawan man da yake riƙe da shi, da ruwan da ke kutsowa cikinsa, na'urori ne ake zurawa su auno, kuma igiya ce take kai su ta dawo da su. A 'yan shekarun nan injiniyoyi suna ƙoƙarin sake fasalin wannan igiya, ta hanyar haɗa zaren gilashi mai ɗaukar haske da zaren kabon mai ɗaukar lantarki a cikin kwanso ɗaya.

Aikin igiyar da asalinta

Igiyar tana da ayyuka uku. Tana ɗauke da nauyin na'urar kamar yadda igiya ke ɗauke da guga, tana kai mata wutar lantarki, sannan tana kawo bayanan da ta auna zuwa motar da ke bakin rijiya. An fara wannan aiki a shekarar 1927 a Pechelbronn da ke Faransa, lokacin da ma'aikatan 'yan'uwa biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, suka zura na'ura cikin rijiya suka auna yadda kowane kashin dutse ke tare lantarki. Kamfanin da suka kafa, wanda yanzu ake kira SLB, yana cikin manyan masu wannan sana'a, tare da Halliburton da Baker Hughes na Amurka.

Igiyar da aka saba da ita tana ɗauke da wayoyin jan ƙarfe, ɗaya ko bakwai, an rufe su da roba mai jure zafi, sannan an naɗe su da zagaye biyu na wayoyin ƙarfe, kowane zagaye yana murɗawa ta fuskar da ta saɓa wa ɗayan. Wannan sulke shi ne ƙarfin igiyar, kuma shi ne mafi yawan nauyinta.

Inda tsohuwar igiya ta gaza

Matsala ta farko ita ce nauyi. Igiya mai wayoyi bakwai tana kai kusan rabin tan a kowace kilomita. Idan aka zura kilomita 6, akwai kimanin tan 3 rataye a bakin rijiya tun kafin a lissafa nauyin na'urar. Yayin da zurfi ke ƙaruwa, igiyar tana cinye ƙarfinta wajen ɗaukar kanta, har a kai inda ba ta da sauran ƙarfin fizge na'urar da ta maƙale. Idan ta tsinke, sai a dakatar da aiki a shiga kamun abin da ya faɗa, alhali kuɗin hayar injin haƙa na ci gaba da tafiya. A nan ne rijiya kan bayar, guga ya hana.

Ta biyu ita ce yanayin ƙasan. Zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas a kowace kilomita, don haka rijiyoyi masu zurfi sukan wuce digiri 150, ga matsi mai tsanani. Wasu kuma suna ɗauke da iska mai guba ta sinadarin farar wuta, wadda take cin jan ƙarfe, take kuma sa ƙarfe ya tsattsage.

Ta uku ita ce ƙarancin bayanan da jan ƙarfe ke iya ɗauka a doguwar tafiya. Na'urorin zamani suna ɗaukar hoton bangon rijiya da sautin dutse, kuma abin da suke tarawa ya fi abin da waya ke iya turowa a kan lokaci.

Abin da gilashi ya kawo

Zaren gilashi bai fi gashin kai kauri da yawa ba, kuma shi ne ke ɗauke da intanet a ƙarƙashin teku. Charles Kao ya nuna yiwuwar amfani da shi wajen sadarwa a 1966, kamfanin Corning ya ƙera irin wanda haske ke tafiya da nisa a cikinsa a 1970. Yana ɗaukar bayanai ninkin na jan ƙarfe sau dubbai.

A rijiya yana da wani amfani da ya fi wannan. Idan aka harba hasken lesa a cikinsa, wani ɗan kaɗan yana dawowa daga kowane taku na zaren. Lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo yana nuna wurin, yanayinsa kuma yana nuna zafi ko girgizar da ke wurin. Ta haka zaren gaba ɗaya ya zama ma'aunin zafi da kunnen sauraro daga bakin rijiya har ƙarshenta. Injiniya zai iya gane kashin dutsen da ke ba da mai, da wanda ke zubo ruwa, da inda bututu ke yoyo.

Sai dai gilashi ba ya ɗaukar lantarki, ba ya jure miƙewa, kuma iskar haidurojin a wuri mai zafi tana shiga cikinsa ta dusashe hasken. Shi ya sa ake sanya shi cikin siririn bututun ƙarfe, kuma dole a haɗa shi da abin da zai kai wuta.

Me ya sa kabon

Kabon shi ne sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir da lu'u-lu'un daiman. Yadda ƙwayoyinsa suka jeru shi ke bambanta su. A 1991 Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana wasu ƙananan bututun kabon da ido ba ya gani, masu ƙarfi matuƙa kuma masu ɗaukar lantarki. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka ware girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwaya ɗaya, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2010. A 2013 kuma ayarin Matteo Pasquali na Jami'ar Rice da ke Houston, tare da kamfanin Teijin Aramid, suka nuna hanyar kaɗa waɗannan bututu su zama dogon zare da ake naɗewa kamar na masaƙa.

Dalilin sha'awar injiniyoyi a fili yake. Jan ƙarfe ya ninka ruwa nauyi kusan sau 9, ƙarfen sulke kusan sau 8, zaren kabon kuwa bai kai sau 2 ba. Ba ya tsatsa, yana jure lanƙwasawa sau da yawa, kuma yana iya yin ayyuka biyu a lokaci guda: ya ɗauki wuta, ya kuma ɗauki nauyi. Tun da sulke ne ya fi nauyi a tsohuwar igiya, babbar ribar tana wajen rage shi. A tsarin da ake zanawa, zaren gilashi yana tsakiya, zaren kabon ya kewaye shi, roba mai jure zafi ta rufe su.

Ya kamata a bambanta wannan da zaren kabon da ake yin jikin jirgin sama da shi. Wancan yana da ƙarfi, amma lantarkin da yake ɗauka bai fi kimanin kashi ɗaya cikin dubu na jan ƙarfe ba. An riga an yi amfani da shi a rijiyoyi: kamfanin Ziebel na Norway ya ƙera sandar kabon mai ɗauke da zaren gilashi da ake turawa cikin rijiya domin aunawa.

Abin da ya rage

Har yanzu jan ƙarfe ne ke gaba. Idan kaurinsu ɗaya, mafi kyawun zaren kabon yana ɗaukar lantarki ƙasa da jan ƙarfe da ninki da dama. Sai an gwada su da nauyi ne tazarar take raguwa, rijiya kuwa wuri ne matsattse da ba ya ba da damar ƙara kauri. Wasu sinadaran da ake ƙara wa zaren domin inganta shi suna iya ficewa a zafi mai tsanani. Akwai kuma tsada, da wahalar kaɗa kilomitoci ba tare da wuri mai rauni ba, da ta haɗa bakin kabon da na'urorin ƙarfe. Igiyar gilashi da jan ƙarfe ta daɗe a bakin aiki, amma ta gilashi da kabon mai ɗaukar wuta tana matakin gwaji da rajistar haƙƙin ƙirƙira.

Abin da ya shafi ƙasashe masu mai

Tun daga Oloibiri a 1956 zuwa filayen cikin teku irin su Bonga da Agbami da Egina, da Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe inda aka ƙaddamar da aiki a Nuwamban 2022, da Agadem a Nijar, ƙiyasin man da ake sanar wa jama'a yana dogara ne a kan abin da na'urori suka auno a ƙasa. A kan wannan ƙiyasi ake gina yarjejeniyar rabo da kasafin kuɗi da alkawuran siyasa. Igiyar da ke sauraron rijiya gaba ɗayanta tana ƙara yawan abin da za a sani, amma wanda ya mallaki na'urar da manhajar fassara shi ne ke fara gani.

Najeriya tana da dokar shigar da 'yan ƙasa cikin harkar mai ta 2010, wadda hukumar NCDMB ke kula da ita, da dokar masana'antar man fetur ta 2021 da ta kafa hukumar NUPRC domin sa ido kan haƙa. Aikin waɗannan hukumomi ya haɗa da tabbatar da cewa bayanan rijiyoyi suna isa hannun gwamnati, kuma akwai ƙwararrun cikin gida da za su iya karanta su ba tare da jiran fassarar kamfani ba.

Akwai kuma batun ɗanyen kaya. Ana iya samar da ƙananan bututun kabon daga iskar gas, ta hanyar fasa ta zuwa kabon da haidurojin. Ita ce iskar da har yau ake ƙonawa a fili a yankin Neja Delta.