LABARIN ƘASA A MAKARANTAR FIRAMARE: WAIWAYE ADON TAFIYA

Kafin in shigo jami'a na yi shekara tara ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, a gefen kogin Haɗejiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wata kunya ce da na sha a gaban 'yan aji biyar. Ran nan na aiki yaro ofishin hedimasta ya ɗauko taswirar Nijeriya, na kakkaɓe ta na rataye a jikin allo. Ina cikin zuba bayani sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina jiharmu?" Na duba sama na duba ƙasa, babu Jigawa. Ashe taswirar ta zamanin jihohi 19 ce, watau tsakanin 1976 da 1987, alhali Jigawa sai a 1991 aka yi ta. Tafkin Cadi kuma ga shi nan shuɗi shar, cike da kusurwar takarda. Tun daga ran nan na shiga tambayar kaina, yaya aka yi darasin da iyayenmu ke kira Labarin Ƙasa ya koma haka?

Da farko ya kamata mu san cewa ba Bature ne ya kawo mana sanin ƙasa ba. Fatakenmu sun haddace zangon da ke tsakanin Kano da Gwanja inda ake sayo goro, sun san hanyar Agadas zuwa Gat da Gadamas har Tarabulus. Alhazan ƙafa sun ratsa Barno da Wadai da Darfur kafin su kai bakin Bahar Maliya. Malamai kuma sun rubuta. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, Muhammadu Bello ya fara ne da siffanta ƙasashen Tukururu ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga labarin jihadi. Da Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824 Sarkin Musulmi Bello ya ba shi taswira, aka kuwa buga ta a Landan a 1826. Gaskiya ne taswirar na da kuskure, don ta kai kogin Kwara har Masar, sai a 1830 Landa da ƙanensa suka bi kogin har inda ya faɗa teku. Amma fa abin lura shi ne, Bature ne ya zo yana tambaya, mu ne masu ba da amsa. Illar wannan ilmi guda ce, ba a aji ake samunsa ba. Wanda ya bi ayari ko ya yi nisa a karatu shi ke da shi, ɗan manomi kuwa iyakarsa kasuwannin da ke kewaye da garinsu.

Shigar Labarin Ƙasa cikin aji ta faro ne a 1909, sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Shi kansa matafiyi ne, don ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906. Cikin abubuwan da aka koya wa malaman farko akwai karatu da rubutun boko, da lissafi, da kiwon lafiya, da Labarin Ƙasa, duk da Hausa. Ba don ƙaunarmu kaɗai aka yi haka ba. Mulkin En'e yana bukatar malaman da za su auna gonaki, su zana iyakar gunduma, su rubuta haraji da jangali. Da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 sai aka sami malaman da suka bazu cikin larduna, darasin ya zauna da gindinsa a elementare da midil.

Na zauna da wasu dattawa da suka yi elementare a zamanin En'e, abin da suka gaya mini kuwa ya yi kama da juna. Sun ce da zanen aji ake farawa, a auna shi da taki, sa'an nan filin makaranta, sa'an nan gari, sai gunduma, sai lardi. A waje ake tara yashi a yi tudu da kwari, a kwarara ruwa a ga inda zai bi. Har yau akwai tsofaffin da za su jero maka lardunan Arewa 13 da hedikwatarsu ba gargada. Littattafan Hausa ma sun taimaka, irin su Ikon Allah na Dokta Is da Abubakar Imam, da Tafiya Mabuɗin Ilmi wanda Imam ya rubuta kan tafiyarsa Ingila a 1943. Sai dai kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Yara kaɗan ne ƙwarai suka shiga waɗannan azuzuwa, 'yan mata kuwa ba a ma magana. In an je midil kuma harshe ya juya Turanci, yaro ya haddace kogunan Ingila da garuruwan da ake haƙar kwal, bai san inda kogin garinsu ya fito ba.

Babban canji ya zo bayan mulkin kai. A 1969 aka yi taron ƙasa a Legas kan manhajar makarantu, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 kuma ta tabbatar da sabon darasi a firamare, wanda ya haɗa Labarin Ƙasa da Tarihi da sanin haƙƙin ɗan ƙasa a tukunya guda, aka kira shi Nazarin Zaman Jama'a. Niyyar mai kyau ce, don ƙasa ta fito daga yaƙin basasa a 1970 ana neman abin da zai haɗa kan jama'a. Amma an yi wannan ne daidai lokacin da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, aka horar da malamai cikin gaggawa. Malamin da ke gaban yara tamanin ba zai fita da su bakin rafi ba. Darasi ya koma rubutu a allo da Turanci, yara su kwafa. Ni kaina na koya wa yara lokutan shekara na Turai daga littafi, alhali kowane ɗayansu ya san damina da kaka da hunturu da bazara fiye da ni.

To, mece ce hasarar? Ƙauyen da na zauna ambaliya ke cinsa, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Amma cikin ɗalibaina ba wanda ya san cewa kogin Kano da na Calawa ne suka haɗu suka zama koginsu, ko cewa madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 su suka sauya zuwan ruwa da tafiyarsa. Ba su san ruwan nan ta Yobe yake bi ya nufi Tafkin Cadi ba, tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari na 1973 da na 1984 suka tsotse mafi yawansa. Yaron da bai san wannan ba, in ya girma ya zama kansila ko ɗan majalisa, da wane baki zai nemi haƙƙin mutanensa in ana rabon ruwa?

Bayan kunyar nan da na sha sai na koma wa dabarar tsofaffi. Na fita da yara ƙarƙashin tsamiya, muka zana ƙauyenmu a ƙasa da kara, toka ta zama hanya, ruwan buta ya zama kogi. Wani tsoho mai sayar da kifi ya tsaya kallo, ya ce mun ajiye wata fadama ba wurinta ba, ya karɓi karan ya gyara. Yara suka yi ta dariyar malaminsu, amma bayan wata uku ba wanda ya manta da taswirar nan.

Saboda haka nake kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa da malamanmu. Muna da tudu da kwari, da jigawa da fadama, da fako da dausayi, da tafki da ƙorama da gulbi. Kalmomi ba su yi mana ƙaranci ba, littafi ne babu. In ƙungiyarmu ta zauna ta rubuta ɗan littafin Labarin Ƙasa na 'yan firamare, wanda zai fara daga ƙofar gida ya ƙare a teku, da ta yi aikin da za a daɗe ana sa mata albarka. Allah ya ba mu iko, amin.